Hular da Inna Luba Ta Ɗinka

Shafi na 31

Tun jiya wayata ba ta huta ba. Wasu na cewa na cika kare Ikram, wasu na cewa in ƙyale Inna Luba haka nan, tsohuwa ce, ta sha wuyar da ta ishe ta. Ni ba na kare kowa. Abin da ya faru a gidan Yakasai ranar Alhamis ɗin nan shi zan faɗa, wadda ta san zuciyarta ba za ta ɗauka ba ta ajiye wayar tun yanzu.

*

Juma'a ce ranar buɗe nunin aikin bidiyon Ikram ga jama'a, amma Ikram ta dage sai matan unguwa sun fara gani, tunda muryoyinsu ne a ciki. Don haka da hantsin Alhamis mata wajen ashirin suka cika babban ɗakin gidan kakarta marigayiya, kowacce da mayafinta, suna zaune kan tabarmi suna fifita da gefen hijabi. An toshe tagogi da baƙin yadi. Furojekta uku na haska bango uku, janareta na ta gunjinsa a lungu.

Shekara biyu Ikram ta yi tana wannan aiki. Buhun kaset ɗin marigayi Ashafa mai ɗaukar bidiyon biki ta samu a hannun matarsa, a ciki ta tsinci na ranar zaɓen kansila, shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da aka kashe samari biyar tsakanin unguwannin Mandawari da Yakasai. Ashafa yana kwance a rufin ɗaki ya ɗauka, ya ɓoye kaset ɗin har ya koma ga Allah. Ikram ta haɗa shi da muryoyin iyayen yaran, ta sa wa aikin suna Duk Muna Nan. Kowace fuska da ta fito a kaset ɗin ta rufe ta da hazo. In 'yan jarida suka tambaye ta dalili, sai ta gyara zaman gilashinta ta ce laifin ba na mutum ɗaya ba ne, na unguwa ce gaba ɗaya, wanda ya yi da wanda ya kalla.

Magana ce mai daɗin ji, ta kuma sa an tafa mata a wurare da yawa. Amma saboda fuska ɗaya tak ta rufe fuska ɗari, kuma ta yi wa kanta alkawarin Inna Luba ba za ta taɓa ganin wannan fuskar ba.

Inna Luba tana gaba-gaba, don idonta ya yi rauni. Shekara arba'in da wani abu tana ɗinkin hula a Mandawari, allura ta cinye mata gani. Ɗanta ƙarami, Mika'ilu, shi ne wakilin ɗaya daga cikin 'yan takarar a rumfar zaɓe ranar. Da aka zo ƙwace takardar sakamako sai ya cusa ta a riga ya ruga, ya faɗa wani busasshen ramin rini a tsohuwar marina ya ja murfi. Da ba a nuna ramin ba, da babu wanda zai same shi. An nuna. A nan aka gama da shi.

Babban ɗanta Auwalu ne ya kawo ta a babur da safen, ya riƙo hannunta har bakin ɗakin, ya ce zai dawo da azahar ya taho mata da maganin ɗigawa a ido. Shi ne ɗan farinta, don haka ko sau ɗaya ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi. Mai Shago take ce masa. Ko wani yaron ne mai suna Auwalu a unguwa, sai dai ta ce mai sunan Mai Shago. Matan kan tsokane ta su ce wannan kunyar ai ta tsufa, ita kuwa ta yi murmushi ta ce da ita za a binne ta.

Ikram ta kashe fitila ta danna kwamfuta.

Bangon hagu ya kama da shagalin biki, 'yan mata na rawa a lungunan da kowa ya sani, wasu matan har suna nuna kansu suna dariya ƙasa-ƙasa. Bangon dama hannuwan tsofaffi ne kawai, suna jan carbi, suna murza gefen zane, muryoyinsu na fita daga sifika. Da muryar Inna Luba ta fito tana cewa ranar ko karyawa bai yi ba ya fita, dariyar ta ɗauke.

Sai bangon tsakiya.

Nan ne gwanintar Ikram, nan ne kuma wautarta. Daƙiƙa huɗu ce a kaset ɗin: wani mutum ya tsaya daidai ƙarƙashin rufin da Ashafa yake kwance, ya ɗaga hannu ya nuna marina, sannan ya ɗago kai. Ikram ta ja daƙiƙa huɗun nan ta mayar da su minti bakwai, ta kuma faɗaɗa hoton har kan hular mutumin ya cika bango daga sama zuwa ƙasa. Fuskar ta rufe ruf. Hular kuwa ta bar ta, wai tana da kyau, wai zanenta na kewayawa kamar idon da ke kallon mai kallo. Yarinyar da ta yi karatun zane a Zariya ta ƙara da na ƙasar waje, ba ta san cewa a cikin birni mace na gane ɗinkinta kamar yadda take gane kukan ɗanta ba.

Minti biyu da farawa Inna Luba ta ce, "Tsayar da shi."

Ikram ta yi kamar ba ta ji ba.

"Ikram, na ce ki tsayar."

Ta tsayar. Tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ƙi hannun da aka miƙo mata, ta taka har jikin bango. Hasken ya sauka a bayanta, zanen hular ya kwanta a kan mayafinta. Ta ɗan matsa gefe don inuwarta ta ba ta wuri, ta sa yatsa tana bin layin zaren a hankali, yadda take yi in za ta duba aikin 'yan koyo.

Ta nuna tauraron da ke tsakiyar kan hular. Ta ce kowa kusurwa takwas yake yi masa, ita bakwai take yi, haka uwarta ta koya mata don kada a musanya mata aiki a wurin masu wankin hula. Ta sa Hajiya Zinariya, maƙwabciyarta, ta taso ta ƙirga. Bakwai ne. Sannan ta gangaro da yatsan zuwa inda shuɗin ya sauya, rabi mai duhu rabi mai haske. Ta ce a nan zare ya ƙare mata, ta aika kasuwar Kurmi ba a samu irinsa ba, mai hular kuma yana gaggawa don ranar zaɓe yake son sawa, sai ta ƙarasa da wanda ya fi kusa.

"Hula ɗaya na taɓa yi wa haka a rayuwata," ta ce. "Wata biyu na yi a kanta. Ta Alhaji Salihu ce."

Matan suka kalli juna.

Babu wadda ba ta san Alhaji Salihu ba. Shi ya ci zaɓen kansilan nan, ya kayar da wanda Mika'ilu ya wakilta. Yanzu shi ne shugaban kwamitin zaman lafiya na unguwa, shi ake kira in samari sun yi faɗa, shi zai yanke ƙyallen buɗe nunin gobe. Shi ne kuma uban Ikram.

Hajiya Zinariya ta zame ta fita da waya a hannu, wai za ta kama ruwa. Kowa ya san wa za ta kira.

Ikram ta fara bayani. Ta ce hula na iya kama da hula, ta ce hoton tsoho ne, launi na sauyawa a kaset, ta ce ai manufar aikin ba neman mutum ɗaya ba ce. Tana magana tana haɗawa da Turanci kamar yadda take yi in ta rasa abin faɗa. Inna Luba ta bar ta har ta gaji.

"Kin ga fuskar?"

"Inna..."

"Kafin ki shafa mata wannan hayaƙin, kin gan ta?"

"Na gani."

"Yaushe?"

"Bara. Kafin azumi."

Inna Luba ta gyaɗa kai. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ta, ta fara lissafa mata abubuwan da suka faru bayan azumin baran, ba tare da ta ɗaga murya ba. Bayan azumi ne Ikram ta fara zuwa gidanta da jaka da makirufo. Ta zauna a tabarmarta, ta ci tuwonta, ta kira ta Inna. Ta sa ta ciro rigar da Mika'ilu ya bari a igiya, ta ɗauki hotonta. Ta tambaye ta sau nawa take mafarkinsa.

"Ranar da na ba ki labarin yadda aka kawo mini shi a tabarma, na yi kuka, kika ce in yi haƙuri in sake, wai mai tallan gurasa ya shiga cikin sautin. Na sake. Kika ce akuya ta yi kuka. Na sake na uku. Sau uku na binne yaron nan a gabanki da rana tsaka, kina riƙe da wannan sandar a bakina, ashe kin san wanda ya nuna shi."

Ikram ta zube kan gwiwoyinta. Ta ce wallahi ba abin da Inna take zato ba ne, don ita ta yi.

"Don ni? Kin ɗauki kukana kin kai wa Turawa sun tafa miki, kin ɗauki fuskar ubanki kin lulluɓe. Sannan kika zo kika rubuta a bango wai duk muna nan. Ni ina nan? Ina tsakar gida ina dama masa koko."

Wata daga baya ta ce a yi haƙuri, yarinya ce. Inna Luba ta ce yarinyar da ta iya mayar da daƙiƙa huɗu minti bakwai ta iya mayar da gaskiya inda ta ɗauko ta. Ta nuna kwamfutar ta ce a cire hazon.

Ikram ta ce ba za ta iya ba.

"Ba ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba, Inna. Ki tsine mini in kina so. Ba zan yi ba."

Na tausaya mata a nan, ba zan ɓoye muku ba. Amma tausayin bai hana ni ganin cewa ita ta tara matan nan, ita ta zaunar da tsohuwar a gaba, ita ta hura hular ta cika bango don a ce ta iya aiki.

Ƙamshin turarensa ne ya riga sallamarsa shigowa. Alhaji Salihu ya ɗaga labule, farar shadda ta sha guga, carbi a hannu, fuska a sake kamar wanda ya zo ɗaurin aure. Matan suka gyara mayafai suna gaishe shi, don baki ya riga ya saba. Ya amsa wa kowacce da sunanta, ya tambayi mai ciwon ƙafa ƙafarta, ya tambayi wata ko ɗanta ya samu aikin. Sai da ya gama zagaye sannan ya ɗaga kai ya kalli bango. Ya daɗe yana kallo, har da ɗan karkata kai.

"Ikon Allah," ya ce. "Luba, ai hannunki ba shi da na biyu. Har yau ban sake samun hula irin wannan ba."

"Ka yarda taka ce."

"Tawa ce mana. Ni na ba ki aikin."

Wata mata ta yi salati a hankali. Inna Luba ta dafa bango. Shekara goma sha tara tana neman wannan amsar, ga shi an miƙo mata ita kamar goro. Ta ce masa shi ya zo gidanta ranar uku ya yi addu'a mai tsawo har ya share ido. Shi yake aiko mata da shinkafa kowane azumi, tana dafawa tana sa masa albarka. Ta ce da ta san abin da take haɗiya ke nan da ta gwammace ta ci ƙasa. Ba ta ce masa Alhaji ba, Salihu ta ce, a gaban 'yarsa da matan unguwa.

Bai ji haushi ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana siyasa a cikin birni, zagin tsohuwa ba ya tayar masa da gashin gira. Ya ja kujerar roba ya zauna, ya tattara babbar rigarsa a cinya.

"Hular tawa ce. Kan da ke cikinta fa?"

"Baba," in ji Ikram. "Don girman Allah."

"Ke yi mini shiru. Na gaya miki tun farko ki bar kaset ɗin nan a buhunsa, kika ce tarihi. To ga tarihi ya zo, ki ba shi wurin zama."

Ya juya ga matan, don shi ba ya magana sai da 'yan kallo. Ya ce duk wadda ta san siyasar wancan lokacin ta san al'adarsa. Ranar zaɓe da safe yakan tara yaransa a ƙofar gida, wanda ya fi yi masa ƙoƙari ya cire hular kansa ya ɗora masa. Ba kuɗi ba ne, girma ne, yaro zai yini yana taƙama da ita a unguwa. Ya ce ranar bai kai ƙarfe tara da hula a kansa ba, da kai a buɗe ya je ya jefa ƙuri'a, akwai hoton a falonsa ga mai son gani.

Wasu daga cikin matan suka sunkuyar da kai. Sun tuna da al'adar. Wasu ma sun tuna fiye da haka.

Ikram ta miƙe, hawaye na zuba, ta ce masa in ya ƙara kalma ɗaya za ta kunna kaset ɗin tun daga farko. Ta ce akwai wurin da ta yanke, minti uku cur, inda yake tsaye a ƙofar gida yana ɗora hular yana magana a kunnen yaron, yana nuna hanyar rumfar zaɓe da carbinsa. Ta ce ta yanke ne don shi ubanta ne, amma yana nan a cikin kwamfutar, gobe za ta haska shi a bango uku a gaban 'yan jarida.

Alhaji ya yi dariya, irin ta uban da ƙaramar 'yarsa ta yi masa barazana da tsinke.

"Haska. Me za su gani? Dattijo ya yi wa yaro kyautar hula. Kyauta laifi ce? Akwai sautin abin da na faɗa masa?"

Babu. Ashafa yana nesa lokacin. Ikram ta sani, shi ma ya san ta sani.

"Ni takarda na ce a karɓo," ya ci gaba. "Takarda. Ban ce a taɓa kowa ba, ban riƙe sanda ba, ban je marina ba. Ina zan san wani rami a marina? Ni ba a can na yi wasan ƙasa ba."

Inna Luba ta ce ya daina kewaye-kewaye, ya faɗi sunan.

Ya ce shi ba ya kama sunan mutane, ba tarbiyyarsa ba ce. Ya ce wa Ikram ta matsar da hoton gaba kaɗan, inda hannun ya ɗaga. Ta ƙi. Sai ya miƙa hannu da kansa ya danna, don ya sha ganin yadda take yi. Hoton ya motsa a hankali. Hannun riga ya fara tasowa daga gefen hular, yatsa ya miƙe, ya tsaya yana nuna gabas. Alhaji ya sake dannawa, hoton ya daskare.

"Luba, ke mai lura ce, kin ƙirga kusurwar tauraro. To dubi wannan. Wane hannu ne?"

Inna Luba ta ƙura wa hannun ido.

"Kin san ni tun muna yara. Ni bahago ne?"

Hannun hagu ne. A gidan Inna Luba mutum ɗaya ne bahago, wanda ta yi shekara bakwai tana bugun hannunsa da ludayi don ya koma cin tuwo da dama, ya koma ɗin, amma nuni da jifa da miƙa abu suka zauna a hagu har girmansa. Shi ne kuma wanda ya san ramin, don shi ya fara nuna wa ƙaninsa wurin suna yara, in sun yi laifi su ɓuya a ciki har fushinta ya huce. Auwalu ne. Fuskar Auwalu ce Ikram ta gani bara kafin azumi, ita ta rufe, ita ta sa ta rufe sauran.

Ba don uban kawai ta yi ba, ashe. Ta yanke wa uban minti uku, ta yi wa ɗan Inna hazo, ta bar tsohuwar a tsakiya da makirufo a baki.

Inna Luba ba ta faɗi ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta koma ta zauna a tabarmarta, daidai inda ta tashi, ta miƙe ƙafafu ta ɗora hannuwa a cinya. Hajiya Zinariya, wadda ta dawo ɗakin tuni, ta matso za ta riƙe ta, ta ce kar ta taɓa ta.

Ikram ta rarrafo gabanta tana magana da sauri. Ta ce ta je ta sami Auwalu a shago da kanta bara, ya rufe ƙofa ya yi kuka kamar ransa zai fita. Ce masa aka yi takardar kawai za a karɓa, a ɗan mari Mika'ilu a sake shi. Shekararsa ashirin da huɗu lokacin, hula ce ta hau masa kai. Yana nuna ramin ya ga abin da ke hannun yaran Alhaji, ya bi su yana ihu, suka ture shi. Ya roƙe ta da Allah kada Inna ta sani, ya ce in ta sani ba za ta kai wata ba. Ikram ta ce shekara goma sha tara yana biya, bai taɓa kwana bai zo ya gaishe ta ba, shi ke kai ta asibiti, shi ke yanke mata farce.

"Shi ya yi masa wanka," Inna Luba ta ce, ba da kowa take ba. "Liman ya ce a kawo wani, ya ce a'a, ƙaninsa ne, shi zai yi."

Sannan ta ce ranar da yamma ya shigo kansa ba hula. Ta tuna, don ta yi masa faɗa ta ce ya nemi abin rufe kai, mutane za su zo gaisuwa.

Alhaji Salihu ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce shi ya sa kullum yake faɗa a kwamiti, tone-tone ba ya kawo alheri, abin da Allah ya rufe a bar shi a rufe. Ya ce shekara goma sha tara ya riƙe sirrin nan don tausayin Luba, ko matarsa bai gaya wa ba, yau an kira shi mai kisa a gidan uwarsa, dole ta sa ya wanke kansa. Ya ce ya yafe mata zagin da ta yi masa, zafin rai ne. Shinkafar azumi kuma ba za ta fasa zuwa ba.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo ga 'yarsa.

"Gobe ƙarfe nawa ne yankan ƙyallen? Goma ko sha ɗaya?"

Ikram ba ta ɗago ba. Ya ce to ta turo masa saƙo, ya fita, turarensa ya zauna a ɗakin.

Babu wadda ta motsa. Mata ashirin, kowacce na kallon tabarmar gabanta. A cikinsu akwai waɗanda suka ga yaron da hular a kansa da safiyar zaɓe, suka yi masa guɗa ma, suka kuma yi shekara goma sha tara suna zuwa gidan Inna Luba aron turmi da karɓar ɗinki ba su ce uffan ba. A nan kam sunan da Ikram ta sa wa aikinta bai yi ƙarya ba.

Ikram ta kai hannu za ta kashe furojekta.

"Bar shi," in ji Inna Luba.

"Inna, mu tafi gida. In kai ki gidan Hajiya Zinariya ki kwanta."

"Na ce ki bar shi a kunne."

Aka fara kiran sallar azahar a masallacin lungu. Kiran bai ƙare ba aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida, aka ji an kashe shi, aka ji takun takalmi a zaure. Ya yi sallama daga tsakar gida, da muryar nan tasa mai sanyi da duk unguwa ke yaba masa, ya ce ko an gama, ya zo ɗaukar Inna. Ya ce ya samo maganin idon, sai da ya je har Ƙofar Na'isa.

Labulen ya ɗan ɗaga. Hannu ya shigo da ƙaramar leda fara, yana jiran wata ta karɓa, don ba zai faɗo cikin mata ba. Hannun hagu ne.

Babu wadda ta karɓa.

"Inna? Mai Shago ne."

Tsohuwar ta gyara mayafinta, ta share gefen bakinta da yatsa. Bango na bayanta da hular da ta ɗinka, da yatsan da ke nuna gabas. Da ta buɗe baki muryarta ba ta rawa ko kaɗan, har wadda ke ƙarshen ɗaki ta ji.

"Auwalu."

Ledar ta faɗi ƙasa.

"Shigo, Auwalu. Zo ka nuna mini inda ƙaninka ya ɓuya."